Cinikin Hukuma da Dukiyar Jama'a: Labarin Jiragen Siminti na 1975



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne ƙa'idojin da ya kamata hukuma ta bi idan za ta sayi kaya ko za ta ba da kwangilar aiki. Da na ga dama, da sai in ɗauko littafin dokokin kuɗi in yi ta karanto muku shi sashe bayan sashe har gyangyaɗi ya kwashe rabin zauren nan. Amma ƙa'ida ba ta kama zuciyar mutum sai ya ga ɓarnar da rashinta ya jawo. Saboda haka na zaɓi ciniki guda ɗaya tak, wanda Gwamnatin Tarayya ta yi tsakanin 1974 da 1975, watau sayen simintin nan da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Ikko, ko Legas kamar yadda aka fi kiranta yanzu. Zan bi shi daki-daki, domin kusan kowace ƙa'ida da ke cikin dokar ba da kwangila ta yau, in kuka duba, za ku ga gurbin da ta bari a cikin wannan ciniki.

Kafin mu isa bakin teku, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda hukuma take samun kayan da take bukata tun asali a ƙasar nan. A zamanin sarakunan Haɓe, sau da yawa sarki ba ya saye, ɗauka yake yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa irin waɗannan al'adu da sunayensu na Hausa, ya kuma yi tir da su. Akwai kamuwa, watau a kama dabbar dakon talaka ba da izninsa ba a ɗora mata kayan sarki. Akwai tawasa, naman da ake karɓa a hannun mahauta a kasuwa. Akwai kuma gaisuwa, abin da mai bukata yake kai wa mai mulki don a saurare shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, da gina ganuwa, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Idan aka haɗa maganganun biyu, za a ga tushen al'amarin tun daga can. Wajibi ne hukuma ta yi wa jama'a ayyuka, haramun ne kuma ta cika wannan wajibi ta hanyar ƙwace ko ta hanyar karɓar toshi.

Zuwan Turawa ya kawo rubutaccen tsari. A Katsina aka fara kafa Baitulmali irin na En'e, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, daga 1911 kuma aka shiga baza shi a sauran masarautu. Aka yanka wa sarki da hakimai albashi, aka raba aljihun sarki da asusun jama'a, Ma'aji ya zama ba ya fitar da ko anini sai da bauca, baucar kuma sai ta dace da kasafin shekara wanda Razdan ya amince da shi. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma kada mu yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, Ma'aikatar Ayyuka ce ta yi ta da kanta, leburorin kuwa ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo su, suna so ko ba sa so. Iyayenmu da kakanninmu ba su manta da ɗiban gwamna ba, sa'ad da aka tura dubban mutane haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. Kamuwa ce dai ta sake riga.

Manyan kayayyaki kuwa, irin su kan jirgi, da ƙarafan gada, da magunguna, ba a nan ake cinikinsu ba. Sai ma'aikata ta cika takardar oda ta aika Landan wurin wasu wakilai da ake kira Crown Agents, waɗanda asalinsu ya koma tun 1833. Su za su nemi tayi daga masana'antu, su aika injiniyansu ya duba kayan, su yi shatar jirgi, su biya. Tsarin yana da kyau ta fuskar inganci, gama kaya ba ya barin Ingila sai an gwada shi, kuma wanda ya nemi kayan ba shi ne mai zaɓen mai sayarwa ba. Ta fuskar adalci kuwa da sauran magana, domin galibin cinikin masana'antun Ingila yake komawa, ɗan ƙasa ba shi da ƙofar shiga. Don kada wani ya ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai, su ma waɗannan wakilai sun tsunduma cikin cinikin filaye da ba da rance na ganganci, har sai da gwamnatin Ingila ta cece su da fam miliyan 85 a watan Disamba 1974, daidai lokacin da namu ma'aikatan suke shirya takardun siminti.

Da mulki ya dawo hannunmu, mun gaji dokar kula da kuɗin gwamnati ta 1958, da littafin ƙa'idojin kuɗi, da kwamitocin ba da kwangila a ma'aikatu. Sai dai akwai wani rauni da ba kowa ya lura da shi ba. Ƙa'idojin kwangila umarni ne na cikin gida, tsakanin Ma'aikatar Kuɗi da ma'aikatanta. Ɗan kasuwan da aka zalunta ba shi da wata doka da zai riƙe ya tafi kotu, kuma wanda yake da ikon rubuta umarnin yana da ikon ɗage shi. Tun kafin 1966 maganar kashi 10 cikin 100 ta zama ruwan dare, har sojojin da suka yi juyin mulkin watan Janairu na shekarar suka sa ta cikin dalilansu.

To, sai ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Sojan Nijeriya, da ba su fi 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙi, suka kai wajen 250,000. Aka gama yaƙi ba barikin da zai ɗauke su, wasu a makarantu, wasu a bukkokin kwano, wasu haya cikin gari suna ta rigima da farar hula. Bukatar gina barikoki gaskiya ce, kada a manta da wannan. Ana cikin haka sai farashin ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 ganga a 1973 zuwa wajen dala 12 a 1974. Kuɗi ya shigo irin wanda ba a taɓa gani ba. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, a watan Maris kuma Janar Yakubu Gowon ya ƙaddamar da shirin raya ƙasa na uku, na naira biliyan 30. Kowace ma'aikata tana son gini, kowane gini yana son siminti. Masana'antunmu na lokacin, irin su Nkalagu da Ewekoro da ta Kalambaina a Sakkwato, duk abin da suke fitarwa a haɗe bai kai tan miliyan 2 a shekara ba. Ashaka da Gboko ba su fara aiki ba tukuna. Dole a sayo daga waje.

Ga abin da aka yi. Ma'aikatun gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, a kawo cikin kamar shekara guda. A cikin wannan, Ma'aikatar Tsaro kaɗai ta yi odar fiye da tan miliyan 16. Alkaluman da suka fito a gaban kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a 1981 sun nuna kwangila 109 aka ƙulla da kamfanoni 68, kuɗinsu ya tasam ma dala biliyan 1. Ɗalibai, ku ɗauki alkalami. Tan ɗaya buhu 20 ne. Tan miliyan 16 ya zama buhu miliyan 320 ke nan. Da rabawa aka yi, da kowane ɗan Nijeriya na lokacin, har jaririn da ke goye, ya tashi da buhu 4 ko fiye. Ƙasar kuwa ba ta taɓa shigo da abin da ya wuce tan miliyan 2 a shekara ba kafin nan, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna ainihin bukatar ita Ma'aikatar Tsaron ba ta wuce tan miliyan 3 ba.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, yaya aka yi mutane masu hankali, waɗanda suka yi karatu, suka sa hannu a kan irin wannan? Amsar da aka bayar a kotu ta fi tambayar ban mamaki, kuma a nan nake so mu daɗe. An ce bisa ga abin da aka saba gani a baya, ana sa ran kashi 20 cikin 100 na 'yan kwangilar ne kawai za su iya cika alkawari. Ku lissafa, kashi 20 na tan miliyan 16 shi ne tan miliyan 3 da ɗan ɗori, watau daidai abin da ake bukata. Ashe ba kuskuren lissafi aka yi ba. An san cewa cikin kowane mutum 5 da aka ba takarda, 4 ba za su kawo kome ba, aka kuma ba su duk da haka. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maimakon ma'aikata ta zauna ta tantance wa ke da masana'anta, wa ke da jari, wa ya taɓa kawo kaya irin wannan, sai ta ninka odarta sau 5 ta bar wa sa'a ta yi mata tankaɗe da rairaya.

Ni a ganina wannan shi ne cibiyar labarin duka. Mutane sukan raba maganar gida biyu, su ce adalci a wajen ba da kwangila abu ne daban, samun biyan bukata kuma abu ne daban, har wasu manyan ma'aikata sukan ce bin ƙa'ida yana kawo jinkiri, a bar su su yi aiki. Cinikin siminti ya ƙaryata wannan rabo. Dalilin da ya sa ba a san wanda zai iya kawowa ba shi ne ba a yi gasa ta gaskiya ba, rashin sanin wanda zai iya kawowa kuwa shi ya sa aka ninka oda. Tantancewa da gasa su ne hanyar da hukuma take sanin kasuwa. Hukumar da ta ƙi yin su ta rufe idonta da hannunta.

Ku dubi yadda takardun suke. Alkalan Amurka sun lura cewa kwangilolin da suka zo gabansu kusan iri ɗaya ne kalma da kalma, kamar an buga su ne da yawa a keken gurza takardu, aka bar gurbin suna da adadi ana cikewa. Da yawa daga cikinsu na tan 240,000 ne a kan wajen dala 60 kowane tan, watau dala miliyan 14 da ɗoriya. To, in farashi ɗaya ne ga kowa, adadi ma ɗaya, da me wani zai fi wani? Ko a kasuwar ƙauye, mai sayen buhun gero yakan zaga rumfa uku ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara gaba. Da zarar an daina tayi, kwangila ta tashi daga ciniki ta koma kyauta, kyauta kuwa wanda aka sani ake ba. Shi ya sa da yawa cikin waɗanda suka sami takardun ba masu yin siminti ba ne. Kamfanoni 4 da suka kai ƙara a waccan shari'a ta Amurka duk dillalai ne, masu saye a nan su sayar a can. A wata shari'ar da aka yi a Landan, an ga yadda Ma'aikatar Tsaro ta ba wani kamfanin Ingila kwangila, shi kuma ya juya ya saya a wurin wani kamfani na ƙasar Suwizalan mai suna Trendtex, shi kuma Trendtex ya nemo simintin a wata masana'anta ta Jamus. Kowane hannu da takarda ta bi sai ya cire la'adarsa, kuma duk daga Baitulmalinmu take fita.

Sai yadda aka tsara biya. Babban Bankin Nijeriya ya buɗe wa masu sayarwa takardun lamuni na banki irin waɗanda ba a warwarewa, ta hannun bankuna a Turai da Amurka. Ma'anar irin wannan takarda ita ce, da zarar mai kaya ya loda jirgi ya kai wa banki takardun shaidar lodi, banki zai biya shi, ko kayan sun iso ko ba su iso ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a cinikin ƙasa da ƙasa. Abin da ya ɓata shi shi ne sharaɗin da aka haɗa masa na kuɗin jira. Idan jirgi ya iso bai sami wurin sauke kaya ba, mai saye ne zai riƙa biyan tara kullum, a wasu kwangilolin dala 3,500, a wasu har dala 4,100, kowane jirgi kowace rana. Ba a kuma tsara wa masu kaya jerin ranakun isowa yadda tashar za ta iya ɗauka ba. Wanda ya sa hannu a Ma'aikatar Tsaro bai tambayi Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ko buhu nawa take iya saukewa a wuni ba, alhali ofisoshinsu duk a gari ɗaya suke.

Abin da ba a zata ba sai ya faru. Shekarar 1975 shekara ce ta karayar ciniki a Turai, gine-gine sun tsaya, masana'antun siminti suna neman mai saye ido rufe, jiragen dakon kaya kuma suna zaune ba haya. 'Yan kwangilar da aka ɗauka za su kasa, sai ga su sun iya. Ya zuwa watan Yuli 1975 jirage fiye da 400 ne suke jira a bakin Ikko, 260 daga cikinsu siminti suka ɗauko. In muka ƙaddara kowane ɗaya cikin 260 ɗin nan yana cin dala 3,500, kuɗin jiran wuni guda ya zama dala 910,000. Masu jirage suka gane zama ya fi tafiya riba. Aka riƙa tono tsofaffin jirage waɗanda saura kaɗan a kai su maƙera, a loda musu siminti a turo su su yi layi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, gama mu muka rubuta sharaɗin da ya mai da jira sana'a. Siminti kuwa ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Laimar teku tana shigarsa, bayan 'yan watanni ya fara daskarewa, har wani ya zama dutse a cikin jirgi. Wanda aka sauke ma, wani ya riga ya rasa ƙarfinsa, aka kuma yi gini da shi.

Ɓarnar ba ta tsaya kan siminti ba. Tashar Apapa ita ce maƙogwaron ƙasar. Jiragen da suka ɗauko abinci, da magani, da injuna, da kayan gyaran motoci, duk suka shiga layi ɗaya suna jira wata da watanni. Ɗan kasuwan Kano da ke jiran kayansa, da asibitin da ke jiran magani, ba su san wata Ma'aikatar Tsaro ta yi ciniki ba, sai dai suka ga kaya sun yi wuya, farashi ya hau, a daidai lokacin da kuɗin Udoji suke yawo a hannun mutane.

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da Janar Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala. Cunkoson tashar Ikko yana cikin abubuwan da suka zubar da mutuncin gwamnatinsa. Sabuwar gwamnati ta Janar Murtala Muhammed ta ba da sanarwa a watan Agusta cewa kada jirgi ya taso sai ya ba da labari wata 2 kafin nan ya kuma sami izni, Babban Banki kuma ya umarci bankunan waje su daina biya sai da wannan izni. Aka kafa kotun bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore. Aka yi gaggawar gina sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, wadda aka buɗe a 1977. Kamfanoni fiye da 40 suka yarda aka sasanta da su.

Sauran kuwa suka tafi kotu, a Ingila da Amurka da Jamus da wasu ƙasashe. A can lauyoyinmu suka kafa hujja da cewa Babban Banki wani sashe ne na gwamnati mai cin gashin kanta, ba a gurfanar da ita a kotun wata ƙasa, balle ma simintin na barikin soja ne. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, inda Mai Shari'a Denning yake shugabanci, ta ƙi karɓar wannan hujja a shari'ar Trendtex. Abin da hukuncin ya ƙunsa shi ne gwamnatin da ta shiga kasuwa ta yi ciniki, dokar kasuwa ce za ta hau kanta, ko me za ta yi da kayan. Kotun Amurka ta bi wannan hanya a 1981, wata ƙarar kuma, ta kamfanin Verlinden na ƙasar Holan, sai da ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka a 1983. Har gobe ɗaliban shari'a a ƙasashen duniya suna karanta waɗannan hukunce-hukunce, da sunan Babban Bankinmu a kansu. Akwai darasi a nan wanda masu mulki ba sa son ji. Adalci a ciniki ya haɗa har da wanda ka saya a wurinsa. Takardar da hukuma ta sa wa hannu cikin ganganci tana ɗaure ta daidai da wadda ta sa wa hannu cikin natsuwa, kuma canjin gwamnati ba ya goge tawada.

Gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. Wasu sun cancanta, wasu tsautsayi ne ya faɗa musu. Abin da ba a taɓa ba shi ne tsarin kansa. Aka canza mutane, aka bar ƙofar da suka bi a buɗe, shi ya sa a jamhuriya ta biyu aka sake ganin irinsa wajen shigo da shinkafa da rabon lasin sayo kaya, aka kuma saba da ɗan kwangilar da zai karɓi kafin alkalami ya kafa harsashi ya ɓace.

Sai da aka yi shekara 32 kafin ƙa'idojin su zama doka. Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, gwamnati tare da Bankin Duniya suka yi nazarin yadda ake ba da kwangila, a 2001 Shugaba Obasanjo ya kafa ofishin tantance farashi da bin ƙa'ida a fadarsa, wanda Obiageli Ezekwesili ta shugabanta, ranar 4 ga Yuni 2007 kuma Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayan gwamnati. Ma'aikatan da ke zauren nan sun san ta, amma ina roƙonsu su sake karanta ta da jiragen nan 400 a zuciyarsu. Dokar ta ce kafin a yi talla sai ma'aikata ta auna bukatarta, ta binciki kasuwa, ta kuma tabbatar akwai kuɗin a kasafi. Da an yi wannan kaɗai a 1974, da ba a kai ga sauran ba. Ta ce gasa a fili ita ce asali, a buga talla a jaridun ƙasa aƙalla 2, a buɗe takardun tayi a gaban masu su, da 'yan kallo daga ƙungiyar masu sana'ar da kuma wata ƙungiya mai zaman kanta. Ta ce a ba wanda tayinsa ya fi sauƙi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ku lura da wannan ƙarshen, domin araha ba ta ado, kuma mai tayi mafi ƙanƙanta wanda ba shi da ko tebur rariya ce wata. Ta ƙayyade kafin alkalami a kan kashi 15 cikin 100, ko da yake gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida. Ta haramta daddatsa kwangila ɗaya zuwa ƙanana don a kauce wa idon na sama. Ta ba wanda aka zalunta hanyar kai kuka, daga shugaban ma'aikata zuwa hukumar kula da kwangiloli, daga nan zuwa Babbar Kotun Tarayya. Ta kuma ɗora wa gwamnati biyan ruwa in ta riƙe kuɗin ɗan kwangila fiye da kwana 60, abin da masu bin gwamnati bashi za su yi murmushi in sun ji.

Rubuta doka dai ba shi ne binta ba. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya naɗa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba, waɗanda kammala su zai ci naira tiriliyan 7 da ɗoriya. Galibinsu cutarsu ɗaya da ta siminti, an ba da aiki fiye da abin da asusu zai iya ɗauka, kamar yadda aka yi oda fiye da abin da tasha za ta iya saukewa. Har wa yau dokar ta 2007 ta tanadi wata majalisa ta ƙasa mai kula da harkar kwangila, wadda a cikinta akwai wakilan lauyoyi, da injiniyoyi, da 'yan kasuwa, da 'yan jarida, ita ce za ta tsara manufa ta kuma ƙayyade iyakar kuɗin da kowane mataki zai iya amincewa da shi. Aka shafe fiye da shekara 10 gwamnatoci suna zuwa suna wucewa ba wadda ta rantsar da ita, manyan kwangiloli kuwa aka ci gaba da kai su Majalisar Zartarwa ta Tarayya ranar Laraba, inda ministocin da suka kawo takardun su ne masu amincewa da su.